Mariƙin gaba a jikin saktun: gyara ne ko kwalliya?

Abu Ammar, Jidda: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Bara na je baje kolin shaho da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad, na sayo saktun, wato bindigar iska, irin mai tulun iska da ake kira PCP, baki milimita 5.5, ƙirar Turkiyya. Lasisi da sunana yake, kada wani ya fara da wannan. Gajeriya ce, irin wadda ma'ajin dalmarta yake can baya kusa da kunci. Na ɗora ta a sikelin kicin da darbil, wato madubin saiti, a jikinta, ta ɗan haura kilo huɗu. Damuwata ita ce in na tsaya ina saiti, kafin in yi harbi goma wuyan hannuna na hagu ya ɗau zafi, bakin kuma sai lilo kamar reshe a iska. Na ga ana sa musu mariƙi a gaba, wanda ke saukowa ƙasa a tsaye. Akwai dogo, akwai gajere, akwai mai kwanciya, har da wanda ƙafa biyu ke fitowa daga cikinsa. Wanne zan saya? Lokacin farauta ya matso, ba na so in zubar da riyal a banza.

Ɗan Misfala: Wa alaikumus salam Yaya. Na tsaye, dogon, kar ka tsaya wani dogon tunani. Shi ne yake hana baki tashi sama. Wanda ya sani ya sani.

Injiniya, Yanbu: A jikin wace bindiga ka gwada, ƙanena?

Ɗan Misfala: A wasan PUBG. Amma ai daga gaskiya suka kwafo.

Baban Khalifa, Madina: Innalillahi. Mutum yana maganar wuyan hannunsa, kai kana maganar babban yatsanka.

Kawu Mai Wurno: Wa alaikumus salam ɗana. Ni dai tun ina yaro a Mai Wurno, bakin kogi, kusa da Sinnar, nake bin mahaifina farautar zabi. Bindigarsa baki ɗaya ce, tsohuwa, katakon ya yi baƙi saboda gumin hannu, an ɗaure wuyanta da waya inda ta tsage. Ban taɓa ganin ya fita ya dawo da jaka wayam ba sai in bai ga tsuntsu ba. Abin da ya koya mini shi ne tafin hagu tire ne, ɗora ta kake yi a kai, ba damƙa ba. Bindiga ba taɓarya ba ce da za a yi mata riƙon daka. Yanzu kuwa sai in ga yara sun rataya wa saktun fitila, sun rataya ƙafa, sun rataya ƙota, ta koma kamar amarya ranar kai lefe, su je su dawo ko kurciya ɗaya babu. Ka bar kuɗinka a aljihu, ka sayi dalma gwangwani biyu ka yi ta gwaji. Hannu ne bai saba ba.

Abu Ammar, Jidda: Allah ya ƙara girma Kawu. Wallahi na ƙarar da gwangwani uku tun da na saye ta, ciwon bai daina ba.

Kawu Mai Wurno: To ka ƙarar da shida.

Injiniya, Yanbu: Kawu yana da gaskiya a rabin maganar, sauran rabin zan dawo kansa. Amma bari in fara da tambayar da babu wanda ya yi: me ya sa aka ƙirƙiro wannan mariƙin tun asali?

Ba don saktun aka yi shi ba. Thompson ta Amurka, ta 1921, da mariƙin gaba ta fito, saboda bindiga ce mai ɓarin wuta a jere, bakinta yana hawa sama, ana buƙatar abin da za a danne ta da shi. Romaniya da ta ƙera nata Kalashnikov a 1963, sai ta sassaƙa mariƙin a jikin katakon gaba. Steyr AUG ta Ostiriya, ta ƙarshen shekarun 1970, nata ma naɗewa yake yi. Wanda ya cika kasuwa yanzu kuwa daga sojojin Amurka ya yaɗu a shekarun 1990, lokacin da suka cika gaban bindiga da fitila da na'urorin saiti har babu inda hannu zai zauna, ga ƙarfen yana ɗaukar zafi in an yi harbi da yawa.

To dalilai uku ke nan: tashin baki, rashin wurin hannu, da zafi. Abu Ammar, PCP kusan ba ta dukan kafaɗa ko kaɗan, kuma ɗaya-ɗaya kake harbi. Ba ka rataya komai a gaba ba. Bututunta ba ya zafi, iska ce ba albarushi ba. Duk ukun babu wanda ya shafe ka. Saura dalili na huɗu, wato zaman wuyan hannu, kuma shi kaɗai ne ya cancanci a tattauna.

Ɗan Misfala: Wato dai a PUBG gaskiya suka faɗa, yana rage tashin baki.

Injiniya, Yanbu: A bindigar da bakinta ke tashi, e. Ta yayanka ba ta tashi.

Baban Khalifa, Madina: Ni bari in ba ku nawa labarin, ko wani zai tsira. Tawa irin wadda ake karya bututunta a sa dalma ce, mai sifirin, ƙirar Diana. Shekara biyu da suka wuce na ga hoton wani ya sa mariƙi, abin ya burge ni. Tawa ba ta da sikka, wato layin da ake ɗaura kaya a kai, a ƙasa, sai na sayi guntuwa, na kai wa kafinta ya huda katakon ya ɗaura. Kafin nan, a mita ashirin da biyar dalma biyar suna taruwa inda kwabon riyal zai rufe. Bayan na sa, sai suka watse kamar an watsa wa kaji tsaba. Na zargi darbil, na canza. Na zargi dalma, na canza. Wata biyu ina wannan haukar kafin wani dattijo a filin harbi ya dube ni ya ce in cire ƙotar nan in ɗora ta a buɗaɗɗen tafi. Nan take ta dawo hayyacinta. Yanzu ga ramuka biyu a katako, kullum in na gani sai raina ya ɓaci. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Injiniya, Yanbu: Wannan sananne ne. A mai sifirin, in ka ja kunama fistin ne ke rugawa gaba, bindigar ta ja baya, sannan fistin ya daki ƙarshe ta koma gaba, duk kafin dalma ta bar bututu. Tana so a ƙyale ta ta yi rawarta iri ɗaya kowane harbi. Da ka damƙe ta, yau da ƙarfi gobe da sassauci, kowace dalma da inda za ta nufa. Wannan dukan gaba da bayan ne ma yake kashe darbil ɗin da ba a yi shi don mai sifirin ba. Duk mai irin ta Baban Khalifa ya manta da maganar mariƙi, khalas. Amma ta Abu Ammar ba ta da fistin, bawul ne kawai ke buɗewa, don haka hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Kawu Mai Wurno: Kun ji ko? Tafi buɗe. Abin da na faɗa tun farko ke nan ba tare da na je jami'a ba.

Abu Turki, Ɗa'if: Kawu a yi mini afuwa, zan saɓa. Ni ina da shi, gajere, a jikin PCP irin ta Abu Ammar, shekara uku ke nan, kuma ba zan cire ba. Na taɓa karyewa a wuyan hannun hagu, haɗarin mota a hanyar Hada. Ƙashi ya haɗe, alhamdu lillahi, amma har yau ba na iya juya tafina ya kalli sama sosai. Riƙon tiren da Kawu yake faɗa, minti biyu in na yi sai hannun ya mutu. Da mariƙi kuwa hannuna yana zama kamar zan gaisa da mutum, babban yatsa sama, babu murɗawa. Kowa ya gwada yanzu inda yake zaune: miƙa hannu gaba, juya tafi sama, ka ji yadda jijiya take ja. Sannan ka mayar da shi kamar za ka yi musabaha. Wanne ya fi sauƙi?

Na biyu, gajerun nan ba su da katakon gaba na kirki. Tulu ne a wurin, zagayayye, mai santsi. In gumi ya zo, kuma mu nan gumi ba ya neman izini, hannu sai zamewa. Bindigar mahaifin Kawu doguwa ce mai katako har gaba, akwai inda za a ɗora. Ba a haɗa su ba.

Kawu Mai Wurno: Kai mai lalura ne, Allah ya ƙara sauƙi. Gurgu in ya riƙe sanda ba a ce masa ɗan gayu. Amma mai ƙafa biyu lafiyayyu fa?

Abu Turki, Ɗa'if: Amin Kawu. Shi ma Abu Ammar ai ciwo ya ce yana ji.

Ummu Rayyan, Riyad: Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ina zuwa kulob ɗin harbi nan Riyad, mita goma muke yi, baki 4.5. Abu Ammar, ina da tambaya kafin a ci gaba: in ka tsaya, ina gwiwar hannunka ta hagu take? A manne da jikinka ko a sarari?

Abu Ammar, Jidda: A sarari. Ina miƙa hannun can gaba, kusa da ƙarshen tulu.

Ummu Rayyan, Riyad: To ga lilon nan. Bindigar gasar mita goma doka ta yarda ta kai kilo 5.5, ta fi taka nauyi, kuma 'yan mata 'yan shekara sha biyar suna tsayawa da ita su yi harbi sittin. Abin da ake nema a tsakiyar takardar ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Babu mai mariƙi a cikinsu ko ɗaya. Ba ƙarfi suka fi ka ba. Ana turo ƙugu gaba kaɗan, a kafa gwiwar hannu a kan ƙashin ƙugu ko a jikin haƙarƙari, a dawo da hannun baya daf da gidan kunama, bindigar ta zauna a kan tafi ko a kan dunƙulallen hannu. Nauyin sai ya bi ƙashi ya sauka ƙasa, tsoka ba ta ɗauki komai ba. Kai kuwa ka miƙa hannu kana ɗauke da kilo huɗu da tsokar kafaɗa, dole ta gaji, in ta gaji kuma dole ta yi rawa. Ko mariƙin zinariya ka sa a can gaba, lilon yana nan.

Kawu Mai Wurno: Allah ya yi miki albarka 'yata. Yau mace ta raba gardamar maza.

Abu Turki, Ɗa'if: Ba ta raba ba tukuna Kawu. Hajiya, takarda ba ta tashi. Kuna da lokaci ku gyara ƙugu, ku ja numfashi, ku sauke ku sake ɗauka. A daji kurciya ta sauka a kan ƙaya, daƙiƙa uku gare ka, ƙasa ba daidai ba, wataƙila sama kake kallo. Tsayuwar taku ba ta juyawa da sauri.

Ummu Rayyan, Riyad: Gaskiya ne, ban musa ba. Ni lilo na amsa, ban amsa daji ba. Amma ko a dajin, in akwai dutse ko itace ko gwiwa, jingina ya fi kowace tsayuwa. Kuma a nan dogon mariƙi cikas ne, shi zai fara taɓa dutsen.

Injiniya, Yanbu: Ta taɓo inda nake so in je. Dogon yana da aibi biyu ga mai saktun. Na farko shi ne wanda ta faɗa: ba ka iya kwantar da bindiga a kan jakar yashi ko dutse, in ka kwanta rub da ciki ma yana tokarar ƙasa. Na biyu ya fi ɓoyuwa. In ka dunƙule hannu a kansa, riƙon taɓarya in ji Kawu, hannunka yana can ƙasa da bututu da nisa, motsi kaɗan sai ya karkatar da bindigar hagu ko dama ba ka sani ba.

Me ya sa karkata take da illa? Darbil yana sama, bututu yana ƙasa, a gajerun nan ma tazarar ta fi yawa don darbil ɗin a ɗage yake. Dalma kuma ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi tana faɗuwa, fiye da harsashin wuta nesa ba kusa ba. Lokacin da ka daidaita darbil, ka sa bututun yana ɗan kallon sama ne don ya biya wannan faɗuwar. In bindiga ta karkata dama, wani kaso na wannan ɗagawar sai ya koma dama, dalma ta sauka dama kuma ƙasa. A mita goma ba za ka lura ba. A mita arba'in ko hamsin, a jikin tsuntsun da ƙirjinsa bai fi tafin yaro ba, ko ka kuskure ko ka karya masa fiffike ya tafi ya mutu a wani wuri. Na biyun ya fi muni. Shi ya sa masu harbin nesa suke manna ɗan ma'aunin ruwa irin na magina a jikin darbil.

Masu amfani da gajere ba dunƙule shi suke yi ba. Yatsu biyu ko uku na ƙasa ne a kansa, sauran hannun yana rungume da jikin bindigar, mariƙin ya zama tokari da kake jan ta da shi zuwa kafaɗa. Haka kake yi Abu Turki?

Abu Turki, Ɗa'if: Haka dai. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne kawai a kai.

Injiniya, Yanbu: To ka ga ai kusan aikin mai kwanciyar yake yi maka, irin AFG na kamfanin Magpul, ko ɗan tokarin nan da bai fi yatsa ba. Bambancin mai kwanciya shi ne yana cin wuri a sikka, wanda nake zargin Abu Ammar ba shi da shi.

Ɗan Misfala: Ni fa Yaya da shozan ka saya, mai watsa harsashi, da duk wannan lissafin bai taso ba. Ka nuna wajen kawai ka danna.

Mai Zaure: Ɗan Misfala, wannan ne gargaɗi na farko. Farauta da shozan tararta riyal 100,000. Farauta babu izini, 10,000. Farauta a wurin da aka hana, 5,000. Jami'an tsaron muhalli suna sanar da waɗanda suka kama kusan kullum, kowa yana gani. Kuma tunda an zo nan, Abu Ammar, lasisin bindiga daban, izinin farauta daban. Na biyun a manhajar Fitri ake ciro shi, ta cibiyar kula da namun daji, kuma akwai jerin tsuntsayen da aka yarda da su, ba duk mai fiffike ba. A 'yan shekarun nan daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Janairu ake buɗewa, amma a duba sanarwar bana. Ku mutanen Jidda ku tuna an hana farauta a gaɓar teku har kilomita 20 zuwa cikin tudu.

Abu Ammar, Jidda: Na sani ranka ya daɗe, bara ma na cire.

Malam na Jarwal: In ƙara a kan na Mai Zaure, tunda yaron a Misfala yake. Ko hukuma ba ta ce komai ba, cikin iyakar Harami ba a farauta, ba a ma firgita abin farautar. Tantabarun da kuke gani har bakin shaguna, aminci aka ba su. Daga Tan'im, daga Shumaisi ta hanyar Jidda, daga Ji'irana, duk abin da yake ciki a kiyaye. Madina ma tana da nata haramin, tsakanin Airu da Sauru, Baban Khalifa ya sani. Mai harama da Hajji ko Umra kuwa ko a wajen iyaka yake bai halatta ya yi farautar tudu ba, yana cikin Suratul Ma'ida. Sannan a yi bisimilla lokacin harbi, in an tarar da tsuntsu da sauran rai a yanka. Maganar Injiniya ta karya fiffike ta shafi addini: abin da zai sa ka raunata dabba ta tafi tana wahala, barinsa ya fi, ko da ya yi kyau a hoto.

Ɗan Misfala: Malam wasa nake yi wallahi. Ko danƙo ba ni da shi.

Baƙon Karantina: Mu baƙi masu igama, takardar zama, fa, akwai hanya? Ko in ari ta abokina?

Mai Zaure: Babu aro. Bindiga da sunan wanda aka ba lasisi take, kuma lasisin mallaka ɗan ƙasa ake ba. In sha'awa ce, je kulob ɗin harbi mai rajista ka tambayi sharuɗɗansu, ka yi a can ka bar musu kayansu a can. A koma kan mariƙi.

Baƙon Karantina: Na gode. Wani ɗan uwana a Amurka ya ce wai sa mariƙin tsaye laifi ne babba, shi ya sa na yi mamaki da na ga kuna maganarsa a fili.

Injiniya, Yanbu: Tasu dokar ce, ta 1934, kuma a kan ƙaramar bindigar hannu take magana: in an sa mata mariƙin tsaye sai ta koma wani aji mai buƙatar rajista ta musamman. Ba ta shafi doguwar bindiga ba ko a can, balle saktun a Jidda.

Abu Ammar, kafin ka sayi komai, kifa bindigar ka duba cikinta, bayan ka cire ma'ajin dalma ka tabbatar babu komai a bututu. Me ka gani a ƙasa? In tudu da kwari ne a jere kamar haƙoran zarto, Pikatini ce ko Weaver. Suna kama amma ba ɗaya ba ne. Kwarin Pikatini faɗinsa milimita 5.23, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba milimita 10 da ɗigo, an tsayar da ma'aunin tun 1995. Na Weaver ya fi matsewa, wajen 4.6, kuma tazararsa ba ta da ƙa'ida. Shi ya sa kayan Weaver yakan hau Pikatini, na Pikatini kuwa sau da yawa ya ƙi hawa Weaver. In kuma dogayen ramuka ne masu kusurwa huɗu, M-LOK ce, ta Magpul, 2014. In ramin kamar na makulli ne, kai babba wutsiya siririya, KeyMod ce, ta 2012, wadda kayanta suke ƙara wuya tun da gwajin sojojin Amurka na 2017 ya fifita M-LOK. Ta saman da darbil yake kai kada ta ruɗe ka, wasu saktun ɗin siririya ce mai milimita 11, wani abu ne daban. Ka ƙirga mana kwari nawa ne.

Abu Ammar, Jidda: Haƙoran zarto ne. Kwari uku kacal, daf da gidan kunama, daga nan sai tulu. Na sa ma'auni, biyar da ɗan ɗoriya.

Injiniya, Yanbu: Pikatini ce, kuma bindigar da kanta ta rage maka zaɓi. Mai kwanciya ba zai samu wurin zama ba. Mai ƙafa biyu a ciki kuma ka rufe ido ka wuce.

Baban Khalifa, Madina: Wannan kam na gani a hannun wani. Na kwaikwayo ne, mai araha. Ƙafafun tsayinsu ɗaya, ba a ƙarawa ba a ragewa, a kan duwatsunmu ɗaya tana ƙasa ɗaya tana sama. Rana ta uku sifirin ɗin ciki ya saki, yana tafiya ƙafafu suna faɗowa da kansu. Araha ba ta ado.

Abu Turki, Ɗa'if: Kuma roba za ka nema, ba alminiyam ba. Na ƙarfen ya fi kyau a ido, amma bar shi minti goma a rana a watan Satumba ka taɓa ka ji. A sanyin Ɗa'if da asuba kuma kamar ƙanƙara. Roba mai kauri, mai ɗan kaushi. Wasu cikinsu rami ne da murfi, nan nake ajiye alanki.

Injiniya, Yanbu: Wajen ɗaurewa a yi hankali, musamman masu M-LOK da ke karatu. Notin da ya yi tsawo yana iya leƙawa ciki ya tokari bututu ko tulu. In ya taɓa bututu saiti ya lalace. In tulu ne, ka tuna matsin iskar da ke ciki 200 ne ko fiye a ma'aunin bar, na tayar mota bai kai uku ba, ba wurin da za a bar ƙarfe yana ƙarzar sa ba ne. Ɗauri kuma ba na tayar tirela ba, roba in aka matse ta fiye da kima tsagewa take yi. Kuma ka saya a shago mai lasisi a cikin ƙasa, inda za ka riƙa a hannu kafin ka biya.

Kawu Mai Wurno: Duk wannan karatun a kan ƙota. Da mahaifina yana raye da ya yi dariya har ya faɗi.

Ummu Rayyan, Riyad: Kawu, da an ba shi darbil a lokacin, zai karɓa ko zai ƙi?

Kawu Mai Wurno: Zai karɓa ya sayar ya sayi akuya.

Abu Turki, Ɗa'if: Abu Ammar, ranar Asabar ina saukowa Jidda. Kada ka sayi komai. Zan kwance nawa in zo da shi, akwai kuma wani dogo da aka ba ni kyauta yana cikin akwati. Mu haɗu a filin harbi ka gwada duka, gani ya kori ji.

Abu Ammar, Jidda: Allah ya saka da alheri. Abincin rana a kaina.

Abu Ammar, Jidda: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya mun yi kusan awa uku ni da Abu Turki, mita ashirin da biyar, a tsaye, dalma goma-goma kowane salo, sau biyu.

Dogon shi ne na farko da muka cire. Daɗin riƙo kam akwai, amma Abu Turki ya tsaya a bayana ya ɗauki hoto, wallahi bindigar a karkace take kamar hular ɗan gayu, ni kuwa ina rantsuwa a miƙe take. Dalma duk ta tafi dama.

Tsayuwar Ummu Rayyan, babu mariƙi, ita ta fi tara dalma wuri ɗaya. Lilon ya ragu sosai. Hajiya na gode, kuɗin makaranta yana nan. Sai dai wuyan hannun bai daina zafi ba, don a wurin da hannun yake komawa babu abin ɗorawa sai sikkar nan mai haƙora, tana cin tafi, ni kuma ina lanƙwasa hannu ina gudunta.

Da gajeren, tunda kwarin ukun daf da kunama suke, sai ya zamana hannun yana baya dole, gwiwa tana jikin haƙarƙari, yatsu biyu a kan mariƙin. Taruwar dalma ta ɗan fi ta Hajiya faɗi kaɗan, amma na yi harbi ashirin ban ji komai a hannu ba. Shi zan saya, na roba, da ɗan ma'aunin ruwan da Injiniya ya ce.

Injiniya, Yanbu: Ko kuma murfin roba da ake rufe sikka da shi, ya fi arha, ka ci gaba da tsayuwar Hajiya. Da ka gwada shi ma.

Abu Ammar, Jidda: Ya akhi ka bar ni haka, na riga na ba mai shago kuɗi ya ajiye mini.

Kawu Mai Wurno: Wato tsayuwa ce ta gyara, ƙota ta karɓi yabo.

Abu Turki, Ɗa'if: Kawu hannun fa ya daina ciwo.

Kawu Mai Wurno: Mu ga kurciya tukuna. In Satumba ta yi a aiko mini biyu Makka, a yanke, a fige, daga wajen iyaka kamar yadda Malam ya ce.

Ɗan Misfala: Abu Turki, dogon da ba kwa so ɗin, a ba ni mana.

Abu Turki, Ɗa'if: Ka sa a jikin me?

Ɗan Misfala: Sandar mofa ta Umma ta karye.

Mai Zaure: A ba shi. Wanda ya ari famfon iskana tun Sha'aban kuma ya dawo da shi kafin Juma'a, ya san kansa.